Karan Awo da Ƙofar Siton Alhaji Sale

Da sunan Allah nake buɗe baki. Ni ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba, don haka faɗa nake yi ana rubutawa. In an ga magana ta yanke a tsakiya, kuka ne ya ci ƙarfina. Wata bakwai ke nan da rasuwar Malam, maigidana, kuma har yau in na dama fura sai na tsinci kaina ina zubawa a kwano biyu. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

Malam maginin ƙasa ne a nan cikin Daura. Ni kuwa sunana Ladi, mai daɓe. Mun fi shekara arba'in muna aiki tare, shi ya ta da bango ya jera azara, ni in shiga da madaɓi da ruwan makuba, wato jiƙon ɓawon ɗorawa, in daɓe ƙasa har ta yi santsi. Abin da ya sa na ce a rubuta min wannan, kwanaki na ji samari masu aikin bulo a bakin zaurenmu suna dariya, wai mene ne abin wahala a ƙofar sito, ka je wurin mai walda ka ɗauko ka liƙa. To ku matso, 'ya'yan nan.

Ƙofar ɗakin kwana ba ta da wuya. Mutum ne zai shiga, mutum kuwa ko ya kai buhu uku yana iya karkacewa. Gado ma kwance shi ake yi a shigar da shi. Ɗakin aiki shi ne mai wuya, wanda kuke ce wa sito, inda mace ke ajiye turmi da randa da tukunyar suna, inda take wanki da tuya in ruwa ya sauko. Turmi ba ya karkacewa. Randa ba ta tsuke ciki don ta ga ƙofa. Maigida kuma bai san abin da ke ciki ba, in ka tambaye shi sai ya ce 'yan tarkace ne. Magini namiji ne, ba zai zauna da matar mutane yana yi mata tambaya ba. Shi ya sa Malam yake tura ni.

Kayan aikina biyu ne, busasshen karan dawa miƙaƙƙe da 'yar wuƙa. In na shiga gida ba na fara awo. Sai na gaisa, na sha ruwa, na yaba yara. Sannan in ce a fito min da abin da ya fi komai girma, in aza kara a inda ya fi faɗi, in ƙara yatsu huɗu ta kowane gefe saboda hannun masu ɗauka. Sai in sa matar ta ɗauki bahon wanki a kwankwaso ta yi tafiya in gani, don akwai mai tafiya kamar tana raba hanya da kowa. Daga nan in rage murya in ce, "Akwai abin da ke tafe?" A nan ake jin magana. Wata ta ce keken ɗinki, wata ta ce firiza, wata ta ce akuya ce za ta ɓoye kafin salla. Sai in yanke kara in kai wa Malam a zaure. Bai taɓa tambayata me aka auna ba, ni kuma ban taɓa faɗa ba. Da haka mata suke barina in shiga.

Aikina na farko gidan wata mai fura ne a Zango, ina amarya, surukata Iya ce ta tafi da ni don in koya. Ta zauna shan fura ta ce in auna randa. Na aza kara a bakin randa na yanke, ina jin kaina. Aka yi gini, aka zo shigar da randa, baki ya shiga, ciki ya ƙi. Maza uku suna turawa, mai fura tana salati kada a fasa mata. Iya ta dube ni ta ce, "Ke Ladi, ruwan a baki yake zama ko a ciki?" Randar nan a waje ta ƙare rayuwarta, a gefen ƙofa. Na yi shekaru in na je Zango yara na nuna min ita suna cewa ga randar Ladi.

Mummunar shekararmu ita ce wadda aka ƙaddamar da Shari'a. Ba na ɗora wa Shari'a laifi, siminti ne ya cuce mu. Daminar da ta gabace ta ta rusa gidajen ƙasa da yawa, kowa ya ce shi bulo zai yi. Taron daɓe da muke yi da waƙa, mata ashirin a ɗaki ɗaya, malamai suka yi wa'azi a kai, siminti kuma ya ƙarasa shi. Maza suka ƙara tsare gidajensu. Mun yi wata biyar Malam bai taɓa laka ba. Madaɓina har gara ta fara ci. Abin da ya rage mana kawai shi ne wannan shiga da nake yi da kara, don ko maginin bulo ba shi da mai shigar masa.

Ana cikin haka Alhaji Sale, mai fataucin dabbobi a bayan unguwarmu, ya aiko wa Malam. Sito yake so a gina wa matarsa Hajiya Binta, na ƙasa, don ya fi sanyi. Na ɗauki kara na shiga. Hajiya ta kori yara, ta saki labule, ta ce, "Gwaggo, kin iya riƙe magana?"

Na ce, "Da ban iya ba, da rabin auren garin nan ya mutu."

Sai ta faɗa min. Tana da bijimai biyu da ƙanenta ke kiwata mata a Sandamu. Ta sa ya kai su kasuwar Mashi ya sayar, aka sayo mata injin niƙa da markaɗe. Yana can Sandamu gidan mahaifiyarta an rufe shi da tabarmi. Alhaji bai sani ba.

Na ce, "Me ya hana ki gaya masa?"

Ta ce, "Cewa zai yi bari mu gani. Bari mu ganin Alhaji kuwa sai a tashi alƙiyama ana jira. Amma in ya tarar inji ya shiga ɗaki, kunya ba za ta bar shi ya ce a fitar ba."

Washegari na hau motar Sandamu. Injin an yi masa walda a kan teburin ƙarfe, abu ɗaya ne, ba ya kwantuwa. Na auna, na ƙara yatsun masu ɗauka, kara ya tashi kamu biyu da yatsu takwas. Da na dawo na auna zauren Alhaji da ƙofar tsakar gida, duka za su wuce, don ta nan yake shigar da babur. Saura sito.

Na kawo kara zaure, na tsaya daga bayan ƙofa. Malam da Alhaji suna zaune a tabarma. Alhaji ya karɓi karan ya ɗaga shi sama ya ce, "Gwaggo, raƙumi za a ɗaure a ciki?"

Na ce, "Kayan mata ne, Alhaji."

"Wane kayan mata? Babu tukunyar da ke gidan nan da ba ni na saya ba."

Ya sa hannu bayan buhunan dusa ya jawo wata ƙofar ƙarfe sabuwa, mai koren fenti. Ashe har ya riga ya je wurin mai walda. Kallo ɗaya na yi mata na san ba ta wuce kamu ɗaya da taƙi ba. Inji ba zai shiga ta nan ba.

Na ce, "Alhaji, ai gaba ake dubawa. Hajiya ƙiba take ƙarawa."

Ya ce, "Hajiyar da in iska ta taso sai an riƙe ta?"

"Jini ne, yana zuwa daga baya. Jiya na ga mahaifiyarta, ai ta cika ƙofa."

"Au, kin je Sandamu ke nan?"

Na ji kamar in haɗiye harshena. Na ce barka na je yi. Ya ce Allah ya raya, bai tambayi wa ta haihu ba. Ya juya wurin Malam ya ce, "Wannan ƙofar za a sa. Na gama magana." Malam ya ce, "To, Alhaji." Iyakar abin da ya ce ke nan, ya ɗauki karana ya saƙale a hammata.

A gida na tasa shi gaba. Na ce wato ni na ci ƙurar mota a banza, ka zauna kamar an dasa ka kana to Alhaji. Ya bari na gama, sannan ya ce, "Ladi, me za a sa a ɗakin?"

Tunda muke bai taɓa yi min wannan tambaya ba. Na ce, "Ba zan faɗa ba."

Ya ce, "To madalla," ya ci gaba da cin tuwonsa. Allah sarki Malam. A dakata min kaɗan.

To. Kwana goma sha biyu yana gini. Ranar da na shiga daɓe na ɗaga ido, ga koriyar ƙofar nan a tsaye, 'yar siririya, an yaɓe gefenta sumul. Hajiya Binta tana zaune a bakin murhu, ko sannu ba ta ce min ba. Na daɓe rabin ɗaki kafin ta taso ta tsaya a kaina.

Ta ce, "Gwaggo, bijimaina biyu."

Na ce, "Na sani."

"Mutum ba ya sayen ƙofar sito tun kafin a haƙa tushe sai in ya ji wani abu. Ni da ke da ƙanena da mahaifiyata muka sani. Ko kin faɗa masa ne?"

Na rantse mata, ta ce to, irin to ɗin da ba ta kai ciki ba. Ku samari ba za ku gane ba. In injin nan ya tsaya a waje, kafin la'asar duk matan unguwa sun ji cewa Ladi ta karɓi sirri ta kai zaure. Daga ranar babu macen da za ta sake sakin labule ta rage min murya. Karana ya zama na hura wuta, Malam kuma ya koma maginin da ba shi da ido a cikin gida.

Kwana uku ina yi wa Malam miya ba gishiri. A na huɗu ya ajiye cokali ya ce, "Ki je ki ce wa mai karan nan ta kawo abin da aka auna."

Na ce, "Ta kawo ta shigar ta ina? Ta taga?"

"Ki dai ce ta kawo."

"Ka faɗa min abin da ka shirya."

Ya ce, "Ke kin faɗa min naki?"

Na je na gaya wa Hajiya. Ta ce in abin ya ƙi shiga, ni zan tsaya gaban Alhaji in yi bayani. Na ce na yarda, alhali ban san da wane bakin ba.

Ranar Laraba da hantsi a-kori-kura ta tsaya a ƙofar gidan. Ƙarti huɗu suka kinkimo inji, aka yi sallama, Hajiya ta shige ɗaki ta saki labule, ni tsohuwa na ja mayafi na tsaya a gindin bango. Alhaji ya fito daga turaka yana gyara hula.

"Ikon Allah! Inji? Na waye?" Aka ce na Hajiya ne. Ya juya wajen labule ya ce, "Haba Hajiya, ai da kin faɗa min. Wannan abin arziki! Maza ku kai sito."

Suka kai. Teburin ya daki ƙarfen ƙofa, ƙau. Suka ja baya suka karkata, ya ƙi. Alhaji ya naɗe hannun riga ya shiga ba da umarni. "Ku ɗaga ta can. A'a, ku kwantar da shi. Kai mai jar hula, da ƙarfi mana, ba ka karya ba ne? Kash!" Suka juya shi ƙafafu a sama, mai ya zubo wa ɗaya a wuya. Sun fi rabin awa. Maƙwabta maza biyu sun shigo ba da shawara, yara sun cika kan katanga. Ni kuwa gumi har cikin idona.

Ɗaya daga cikin maƙwabtan ya ce a bar shi a tsakar gida mana. Alhaji ya ce, "Da damina a bakin ƙofa? Ai sai tsatsa ta cinye dukiyar baiwar Allah." Ya sauke ajiyar zuciya, ya girgiza kai kamar a gidan makoki, ya ɗaga murya don na bayan labule su ji. "Jama'a ku shaida, da abin nan zai shiga, wallahi ni zan fi kowa murna. Amma Allah bai nufa ba. A mayar da shi Sandamu kafin mu gani."

Yana faɗa yana shafa gemu, sai na ga gemun yana motsi. Dariya yake dannewa. A nan na tabbata ya sani, kuma ƙofar nan ita ce a'arsa da bai so ya furta da baki. Daga bayan labule na ji shessheƙar Hajiya, na san kuma sunan wa take kira a ranta.

Sai ga sallamar Malam. Ya shigo da 'yar gatarinsa a kafaɗa, ya gaisa da kowa ɗaya bayan ɗaya, har da tambayar gajiya, ni ina ji kamar in shaƙe shi. Ya ce wa ƙartin su sauke su huta. Ya je dama da ƙofa ya kankare yaɓe da bakin gatari, sai ga wani layi ya fito tun daga sama har ƙasa. Ya sa hannu ya zaro tubali ɗaya, kamar mai ɗaukar dankali a kwando. Ya zaro na biyu. Ashe layin nan da yashi kawai ya ɗora shi, ba laka mai ƙarfi, azarar sama kuwa doguwa ce ta haye har kan bangon gaskiya. Kafin a ce me, ya kwashe layin, ya ce a kama masa ƙofar ƙarfe a jingine. Sannan ya miƙa hannu ƙarƙashin rufi ya zaro karana, ya gitta shi a bakin ƙofa. Cif.

Inji ya shige, ko hannun mutum ɗaya bai gurje ba.

Hajiya ta rangaɗa guɗa daga ɗaki, ta manta da akwai maza a gidan. Alhaji ya matso bakin ƙofa yana duban tubalan da aka zare. Can ya ce, "Malam, wannan fa?"

Malam ya ce, "Ka ce in sa ƙofarka, na sa. Ba ka ce in yanke azara ba. Azara mai kyau ce, na ji tausayinta."

"Amma ai ni..."

Maƙwabcin nan ya ce, "Alhaji, barka. Ka ce za ka fi kowa murna, ga shi Allah ya nufa."

Alhaji ya dubi maƙwabci, ya dubi inji, ya ce, "Alhamdu lillahi," da muryar wanda aka taka wa ƙafa a sahu. Da yamma shi da kansa ya je wurin mai walda aka ƙaro wa ƙofar ɗan ɓari.

Akwai wani shago da Alhaji ya yi wa Malam alkawarin shi zai gina masa, wani ya ba. Amma kafin kaka mun yi sito bakwai, duk mata ne suka matsa wa mazansu a kira mu. Mazan kuma suka koyi dabara. In Malam ya gama sai ka ga maigida yana bin gefen ƙofa yana ƙwanƙwasawa da yatsa yana kasa kunne. Wani a Sandamu sai da ya tsaya a kansa ya ga an yanke azara da idonsa. Hajiya Binta ta ci gaba da gaishe ni, duk salla ta aiko min da gari, sai dai ba ta ƙara rage min murya ba. Na lura. Abin ya zauna min a rai shekara goma sha wani abu.

Ranar addu'ar ukun Malam ina ɗaki cikin takaba, idona ya kumbura, mata sun kewaye ni, Hajiya Binta na gefena. Sai muka ji muryar Alhaji Sale daga zaure. Ya tsufa, ƙarar inji ta cinye masa kunne, in yana magana a hankali a ganinsa, ana ji har bakin titi.

"Allah ya jiƙan Malam! Mutumin kirki ne! Amma ya cuce ni!"

Liman ya ce, "Alhaji, a yafe masa."

"Me?"

"A yafe!"

"Na yafe! Amma ku ji. Bijiman nan biyu, ni na saye su a Mashi! Yarona na tura, ƙanenta bai gane ba. Ni da na san su tun suna maruƙa! Kafin a ɗora su a mota na ji abin da za a saya da kuɗin. Na ce ba zan yi faɗa da iyali ba, ƙofa za ta yi min. Tun ranar da mutumin nan ya zare tubalin nan ban sake barcin rana ba!"

Zaure ya kwashe da dariya, liman yana cewa a yi salati. Hajiya Binta ta kama hannuna ta matse. Ta ce, "Gwaggo, ki yafe ni. Duk shekarun nan wani gefen zuciyata yana cewa ke ce."

Na ce, "Na sani."

Ta share hawaye da bakin mayafi, sannan ta ɗago kai ta ce, "Kuma wallahi da arha ya saye su. Bari mu koma gida."

Ranar na fara dariya tun da aka fita da Malam, ina yi hawaye na zuba.